Kwanan Zaunen Maijego

Bahaushe yana da kalmomi guda biyu waɗanda mai sauraro zai ɗauka ma'anarsu ɗaya ce, watau kwana da barci, alhali kuwa akwai rata mai yawa a tsakaninsu. Duk wanda dare ya riska, gari kuma ya waye masa yana da rai, to ya kwana, ko da a tsaye ya yi shi kamar mai gadin kasuwa. Barci kuwa sai wanda Allah ya ba. Abin lura a nan shi ne, gaisuwar safe ta Hausa kwanan kaɗai take tambaya. A ce da mutum, "Ina kwana?" ya ce, "Lafiya lau." A ce, "Ina gajiya?" ya ce, "Ba gajiya," ko da kuwa gaɓoɓinsa sun yi tubus. Amsar ke nan guda ɗaya tilo da harshe ya tanada, wanda duk ya kauce mata sai a ɗauke shi mai raki. Babu wanda wannan ladabi ya fi takurawa kamar maijego, musamman mai haihuwar fari.

Akwai wata yarinya 'yar shekara 21 da ta haihu a Samarun Zariya a tsakiyar bazara, shekara guda da 'yan watanni bayan an kai ta ɗaki. Iyayenta mutanen wani ƙauye ne a ƙasar Bakori, mijinta kuwa tela ne mai ɗan shago a bakin kasuwa. Suna zaune a gidan haya, ciki da falo, irin gidan nan mai ɗakuna a jere, kowa da murhunsa, kowa da harkar gabansa. A bisa al'ada, da cikin fari ya kai wata bakwai sai mace ta tafi goyon ciki gidan iyayenta, can za ta haihu, can za ta yi wanka, sai ta yi arba'in ko fiye sa'an nan ta koma. To, amma saboda awon ciki da take zuwa, da kuma nisan ƙauyen da asibiti, sai dangi suka yi shawara ta zauna a ɗakinta, a aiko mata da gwaggonta ta yi mata wanka. Haka aka yi. Ta sauka lafiya, aka sami ɗa namiji.

Gwaggo mace ce mai himma, wadda ta yi wa 'ya'yan dangi da dama jego, kuma ba ta yarda a rage kome daga abin da ta gada. Tun kafin assalatu ta hura wuta ta ɗora ƙatuwar tukunya. Da ruwa ya tafasa sai ta leƙa uwar ɗaki ta ce, "Tashi, 'yar nan, ruwa zai huce." A shiga bayan gida da damin ganyen darbejiya, a tsoma shi cikin ruwan yana tururi, a riƙa fyaɗa mata a jiki har tukunyar ta ƙare. A fito a dama kunun kanwa, a kawo gasasshen nama da yaji, Gwaggo ta tsare ta sai ta ga bayan kwano. Kafin hantsi ya dubi ludayi 'yan barka sun fara sallama. Kowace ta zo sai maijego ta tashi zaune ta gyara ɗankwali, a gaisa, a ce, "Barka da arziki, Allah ya raya. Yaya ruwan zafi?" ita kuma ta sunkuyar da kai ta amsa a hankali. Kowace kuma sai an miƙa mata jariri ta gani, ko da yanzun nan aka samu ya kwanta. Haka za a wuni, wata na fita wata na shigowa, har la'asar ta yi a sake ɗora ruwa. Ranar suna kuwa ba a magana. An raɗa wa yaro sunan kakansa na wajen uba, saboda haka ake kiransa Abba, gida ya cika ya batse tun daga safe har bayan isha'i, aka ci aka sha aka watse, kowa ya tafi ya miƙe ƙafa a gadonsa.

Mai karatu ya duba wannan tsari da kyau. An ware wa wanka lokacinsa sau biyu, an ware wa abinci nasa, baƙi ma an ba su haƙƙinsu. Barci kaɗai ne ba a yanka wa rabo ba, domin an ɗauka dare zai biya shi. Alhali kuwa daren maijego yana hannun jariri.

Jariri sabon haihuwa ba ƙin barci yake yi ba. Hasali ma yakan yi barcin awa 14 zuwa 17 a kwana guda, sai dai a gutsuttsure yake yinsa, awa biyu nan, awa uku can, ba ruwansa da ko rana ce ko dare. Dalili kuwa a fili yake. A ranar da aka haife shi tumbinsa bai fi ya ɗauki cikin cokalin shayi guda ko biyu ba, ko bayan wata guda ma bai wuce girman ƙwan kaza ba. Nono kuma abinci ne mai saurin narkewa. Don haka dole ya nemi mama sau 8 zuwa 12 tsakanin wayewar gari da wata wayewar. Bugu da ƙari, agogon nan na cikin jiki wanda yake sa babba ya ji barci in duhu ya yi, ya farka in haske ya fito, bai gama daidaituwa a jikin jariri ba sai ya kai wajen wata biyu zuwa uku. Shi kuwa babba, barcinsa hawa-hawa ne, yana zagayawa daga mara nauyi zuwa mai nauyi zuwa na mafarki, kowane zagaye kamar minti 90, kuma sai an jera su ba yankewa jiki yake samun biyan bukata. Ashe ke nan macen da ta harhaɗa awa shida daga guntaye biyar ba ta yi daidai da wadda ta yi awa shida a miƙe ba, kamar yadda ƙyallaye goma ba su zama turmin zane.

Haka wannan yarinya ta riƙa kwana. Ga zafin bazara, ga rashin wutar lantarki, ga sauro yana kuka a bayan gidan sauro. Yaro ya farka da sha ɗaya, ta ba shi, ta saɓa shi a kafaɗa har ya yi gyatsa, ta sauya masa tsumma, ta lallaɓa ta kwantar. Kafin ta gama juyi barci ya fara fizgarta, ƙarfe ɗaya ta wuce, sai ya sake motsi. Wani daren ma ba yunwa ba ce, ciwon ciki ne irin na jarirai, ya yi ta tsala ihu yana tattakura, ita kuma ta yi ta safa da marwa tsakanin ƙofa da gado tana jijjiga shi, tana tsoron kada maƙwabta su ce ba ta iya raino ba. Barcin kirki bai saba zuwar mata ba sai wajen ƙarfe huɗu na asuba, lokacin da iska ta ɗan yi sanyi, yaro kuma ya gaji ya yi laƙwas. Daidai wannan lokaci ne Gwaggo take leƙowa da maganar ruwa zai huce.

Akwai abin mamaki a nan. Shari'a ta ɗauke wa mai jinin biƙi salla ɗungurum, ba ta kuma ce ta rama ba, littattafan fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zaurukan ƙasar Hausa har sun kai iyakar wannan jini kwana 60. Watau Mahalicci da kansa ya yafe mata tashin asuba, amma tukunyar ruwan zafi ba ta yafe ba.

Da aka shiga mako na uku ruwan shuka ya sauka, Gwaggo ta ɗaure kayanta, domin tana da gona da jikoki da awaki suna jiranta. Ta yi wa maijego huɗuba a kan kada ta kuskura ta fasa wanka ko sau ɗaya, in ba haka ba sanyi zai shige ta, jikinta ya yi ɗanye har abada. Ta tafi. Daga ranar nan hura wuta da ɗaukar ruwa da wankin tsummoki da girkin maigida duk suka dawo kan mai ɗaki.

Rashin barci ba ya zuwa da sallama irin ta zazzaɓi, sannu a hankali yake cin mutum. Da farko mantuwa ce. Ta shiga ɗaki ta tsaya ta rasa abin da ya kawo ta. Ta zuba gishiri a miya sau biyu. Ta ɗora shinkafa ta zauna jiran ta tsotse, sai ƙauri ya tashe ta. Daga nan sai saurin fushi, ita da aka sani da sanyin hali. Maigida ya tambayi ina hularsa, ta ji kamar ya zage ta. Sa'an nan kuka ba dalili, tana shayarwa hawaye na ɗiga a kan goshin yaro. Akwai kuma wani abu da ba ta iya gaya wa kowa, shi ne in dare ya tsala, yaro ya ƙi shiru, mijinta kuma yana falo yana ta sharar minshari, takan ji haushin su duka biyu ya taso mata har wuya, daga baya kuma ta kama istigfari tana ganin ita muguwar uwa ce. Ba muguwa ba ce, ƙwaƙwalwa ce ta gaji. A shekarar 1997 wasu masana a ƙasar Ostireliya sun gwada mutanen da suka yi awa 17 ba su runtsa ba, suka tarar hankalinsu da saurin hannunsu sun ragu kamar na wanda ya ɗan kurɓi barasa. Wanda yake cikin wannan hali ba a so ya tuƙa mota, amma ga shi an bar wa yarinya wuta da tafasasshen ruwa da jinjiri ɗan kwana ashirin.

Me ya hana ta faɗa? Kunya. Ɗan fari a ƙasar Hausa ɗan kunya ne, uwa ba ta kiran sunansa, ba ta nuna ɗokinsa a gaban manya, balle ta buɗe baki ta ce ya hana ta barci. In mahaifiyarta ta bugo waya ta ce, "Yaya jego?" sai ta ce, "Alhamdu lillahi, Inna." In ma ta kuskura ta yi ƙorafi, amsar a shirye take: kowace mace haka ta yi, mu da muka haifi goma fa?

Wannan magana ta tsofaffi tana da gaskiya, amma ba ta cika ba. Sun haifi goma, sai dai a wane irin gida? A babban gida na gandu, inda maijego take kwana ɗaki ɗaya da mahaifiyarta ko kakarta, yaro ya yi kuka tsohuwa ta ɗauke shi ta goya, ba za a tashi uwar ba sai in mama yake nema, ya sha kuma a karɓe. Da rana ga ƙanne da 'ya'yan 'yan'uwa suna rububin ɗauka. Girki an ɗauke mata, daka da surfe da ɗiban ruwa duk an ɗauke mata har ta yi arba'in. Babu wanda ya taɓa kiran wannan da sunan maganin rashin barci, amma shi ne. Asirin goyon ciki bai tsaya ga ganye da kanwa ba, yawan hannuwa ne. Abin takaici shi ne, da zama ya sauya aka dawo gidan haya a birni, sai aka ɗauko tukunya da ganye da kanwa aka taho da su, aka baro hannuwan a ƙauye. Abin da ya fi sauƙin ɗauka shi aka ɗauko, ba abin da ya fi amfani ba. Ita kanta tukunyar akwai magana a kanta. Tun a shekarun 1970 likitoci biyu, Davidson da Parry, suka yi nazari a nan Zariya a kan ciwon zuciyar da yake kama mata bayan haihuwa, suka ga yana da yawa ƙwarai a wannan yanki, suka kuma danganta yawansa da gishirin kanwa da tsananin zafin wanka da kwanciya a gadon ƙasa mai wuta a ƙarƙashi. Binciken da aka yi daga baya ya nuna akwai wasu dalilan ban da waɗannan, amma gargaɗin rage kanwa da sassauta zafin ruwa yana nan daram.

Ranar da abin ya kai maƙura wata Talata ce da azahar. Ta zauna a kujerar falo tana shayarwa, ƙofa a buɗe saboda zafi. Ba ta san lokacin da barci ɓarawo ya sace ta ba. Sai ji ta yi an dafa ta, ta buɗe ido a firgice, ta ga Iya, mahaifiyar mai gidan hayar, wadda ɗakinta yake can ƙuryar gida, tana tallabe da yaron. Ashe hannu ya saki, ya zame har ya kai gwiwa, fuskarsa ta kifu cikin zane, saura ƙiris ya kai ga siminti. Yarinya ta fashe da kuka, jikinta yana ɓari.

Iya ba ta yi faɗa ba. Ta zauna a bakin kujera ta ce, "'Yar nan, rabonki da barci tun yaushe?"

Wannan ita ce rana ta farko da wani ya yi mata wannan tambaya da kalmar barci a ciki. Ta ce, "Wallahi, Iya, ban sani ba."

Iya ta ce, "To, shiga ki kwanta. In ya nemi abincinsa na kawo miki shi." Ta saɓa yaro a baya ta ja ƙofa, ta kuma sa jikanyarta a zaure ta ce duk wadda ta zo barka a ce mata maijego tana barci, ta dawo bayan la'asar. Ran nan ta yi awa uku cur, ta tashi ba ta san a wace duniya take ba saboda magagi.

Da magariba Iya ta tare tela a tsakar gida. Ta ce, "Ɗan nan, so kake ka rasa uwa da ɗa?" Ya ce, "Subhanallahi, Iya, me ya faru?" Ta kwashe labari ta gaya masa, ta ɗora da sharaɗi: daga yau, da an yi isha'i matarsa za ta shayar da yaro ta shiga ta kwanta, shi kuma ya riƙe shi a falo har ya sake neman mama, ko da sha ɗaya ne ko sha biyu. Tela ya sosa ƙeya, domin shi ma kunyar ɗan fari tana kansa, bai taɓa ɗaukar yaron a gaban mutane ba, yana kuma tunanin abin da abokan shago za su ce in suka ji. Iya ta ce cikin falonsa wa zai gan shi? Ya yarda. A shekarar 2021 gwamnatin tarayya ta amince a riƙa ba ma'aikatanta maza hutun kwana 14 in matansu sun haihu, to amma wannan bai shafi mai keken ɗinki ba, ranar da bai buɗe shago ba ranar ba cefane. Abin da yake iyawa shi ne ya bar hirar dare a bakin titi, ya kuwa bari. Daren farko a tsaye ya yi shi yana riƙe da yaro kamar an ba shi ajiyar ƙwai. Kafin mako ya zagayo ya gane cewa in ya ɗora shi a ƙirji yana zagaya falo yana karatu ƙasa-ƙasa, yaron yakan yi shiru.

Sauran dabarun ƙanana ne. Aka mai da wanka zuwa hantsi, aka kuma riƙa sirka ruwan. Da labari ya kai wa Gwaggo ta bugo waya ta yi ta sababi, ta ce 'yan zamani sun raina gado, maijego ta yi ta ba ta haƙuri, amma ba ta koma tashin asuba ba. Wankin tsummoki jikanyar Iya ta ɗauka ana ba ta ɗan abin sayen alewa. Abincin dare ya koma abin da ya sawwaƙa, wata rana tela ya taho da shi daga kasuwa. Ta daina shayarwa a kujera in ta ji ido yana lumshewa, gara ta kwanta a shimfiɗa mai tauri, ba matashi ba tarin zannuwa kusa da yaro, in ya gama ta mai da shi rigingine a wurinsa. Da rana takan buɗe taga haske ya shigo, da dare kuma ba ta haska masa fitila a ido, ba ta yi masa wasa, don ya fara rarrabe lokutan biyu. Wata maƙwabciya ta ba ta shawara ta riƙa ɗura masa ruwa ko jiƙo da dare, wata ma ta ce akwai maganin mura na ruwa da yake sa yara barci har safe. Ta ƙi duka biyun. A wurin awo an sha gaya musu nono zalla har wata shida, maganin da zai danne jariri ya kasa farkawa neman abinci kuwa yana iya danne numfashinsa.

Ba a rasa masu magana ba. An ce ta cika son jiki, an ce an je barka an tarar da ƙofa a rufe kamar gidan Bature. Wata 'yar'uwar miji ta yi fushi har ta koma da kwanonta. Wannan ya dame ta ƙwarai, kuma har yau akwai wadda ba ta huce ba.

Ya kamata a faɗi cewa wannan yarinya ta taki sa'a, domin nata ciwon gajiya ce zalla, da ta sami barci sai walwala ta dawo. Akwai wadda ko an ɗauke mata yaro an rufe ƙofa, idonta biyu, zuciya tana ta saƙe-saƙe, abinci ya fita ranta, ta ji ba ta son ganin kowa har ɗan da ta haifa, a yi mako biyu ana haka. Wannan ciwon damuwa ne na bayan haihuwa, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta yana taɓa kusan mace 1 cikin 5 a ƙasashe masu tasowa, kuma yana da magani. Akwai wadda za ta kwana biyu ko uku ba ta runtsa ba, ta kama surutai da gane-gane, a ce iska ce ta buge ta a bayan gida, a yi ta hayaƙi, alhali a ranar ya kamata a kai ta asibiti. Akwai kuma wadda abin da yake hana ta barci shi ne da ta kwanta sai numfashi ya sarƙe, sai ta tashi zaune, ga tari ga kumburin ƙafa. Wannan zuciya ce, ba ta jiran a yi arba'in.

Aka yi arba'in, aka sauke tukunya, ta yi kitso da lalle ta zaga dangi. Yaro bai san an yi ba, ya ci gaba da tashinsa sau uku sau huɗu. Sai da ya kusa cika wata uku, wani dare damina ta yi nisa, ruwa yana zuba a kan kwano, ta shayar da shi wajen sha ɗaya ta kwanta. Da ta farka ɗaki shiru, rigarta ta jiƙe da nono, ta duba waya ta ga ƙarfe huɗu da kwata. Gabanta ya faɗi. Ta yi wuf ta kai hannu kan cikinsa, ta ji yana hawa yana sauka, ya dunƙule hannuwa a gefen kunnuwa yana ta barcinsa. Ta koma ta kwanta, barcin kuwa ya ƙi dawowa, tana nan tana kallon rufi har ladan ya kira assalatu.